Hureira da Ƙasar Tukunyar Yakuwa

A dogon benen da muke haya a unguwar Pantai Dalam gidajen Hausawa tara ne, kuma duk cikin matan nan tara Hureira ce kaɗai za ta hango kare a bakin kwata ba ta sauya hanya ba. Tsayawa ma take yi. Ta dubi tafiyarsa, ta dubi bakinsa, ta dubi kunnensa na hagu, sannan ta wuce. Na taɓa ce mata, "Maman Najiba, ko mai neman 'yarki ne ai ba kya yi masa wannan kallon ƙurilla ba."

Ta ce, "Mai neman 'yata ba ya cizo, Maman Hisham."

Na ce, "Bari dai ta girma ki gani."

Hureira 'yar Malumfashi ce. Mahaifinta turkar raguna yake yi, kuma tun tana ƙarama ita ce mai riƙe ƙafa idan za a ɗura wa rago magani, domin yayyenta maza duk tsoron tunkuyi suke. Daga nan abin ya shige ta. Ta karanta likitancin dabbobi, ta yi aiki a mayanka tana duba nama, ta yi yawon rugage tana yi wa shanu allura. Sai mijinta, Malam Ƙasimu, ya samu gurbin digiri na uku a nan Kuala Lumpur, ta biyo shi da takardar zama irin ta matan ɗalibai, wadda ba ta ba mutum damar yin aiki. Shekara huɗu likita guda tana dafa shinkafa, tana kai yara makaranta, tana leƙen jirgin ƙasa ta taga.

Ni kuwa ba na iya ganin abu mai amfani a ajiye yana tsatsa. Kayan miya nake sayar wa ɗalibai, daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, duk lokacin da ta zo saye sai na tayar da maganar. Har dai ta nema, ta kuma samu gurbin digiri na biyu a kan cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum.

A cikin karatun akwai zangon da dole ɗalibi ya fita fili. Ita aka tura ta jihar Sarawak, can tsallaken teku, inda ciwon haukan kare ya yi shekaru yana cin mutane. Wata ƙungiya ce ke karɓar ɗalibai daga ƙasashe daban-daban, har da na Ingila da Indiya, su yi aiki a ƙarƙashin manyan likitoci. Kafin ta tafi aka yi mata nata rigakafin. Yadda ta kwatanta mini aikin, da sassafe masu kamu za su fita da raga su kwaso karnukan ƙauye. A auna nauyin kowane, a yi masa allurar barci, a aske wurin, namiji a fiɗiye shi, mace a cire mata mahaifa, a ɗinke, a yi allurar haukan kare, a ɗan yanke gefen kunnen hagu don a san an gama da shi. Idan ya warware a mayar da shi daidai inda aka kamo shi.

Na ce, "Mayarwa kuma? Duk wannan wahala?"

Ta ce, "In kin kashe su, wasu ne za su shigo daga daji su cike gurbin, kuma su ba su da allura. Wanda aka yi wa, shi ne katangar ƙauyen."

Kowace rana ta turo mini saƙon murya, tambayata ɗaya ce: nawa yau? Da farko biyu take yi, ana tsaye a kanta. Daga baya ta kai biyar, wata ran shida. Da ta gama zangon, karnuka sittin da huɗu ta yi wa tiyata da hannunta, ba wanda ya mutu, ɗinkin biyu ne kawai ya buɗe. Ni na riƙe mata wannan lissafi, ita ba ta damu ba.

Amma akwai abin da Hureira ta ɓoye, kuma duk mun san dalili. Mu a gida malamai sun karantar da mu cewa kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwarya ce ake wankewa sau bakwai idan ya sa baki a ciki. Maƙwabtanmu Malay kuwa a mazhabarsu yawun kare najasa ce mai nauyi, duk inda ya taɓa sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ruwan da aka dama da ƙasa. Sertu suke ce masa. Mutanen kirki ne, da azumi faranti ba ya yankewa tsakaninmu, su aiko da nasu mu mayar da namu. Hureira ba ta so wata ta riƙa ƙyamar kwanonta. Don haka duk wanda ya tambaya, shanu da awaki take dubawa. A gabana ta ja kunnen 'yarta, ta ce, "Najiba, kada ki je makaranta ki ce Ummi tana aikin kare. Maganar kare ba ta fita daga gidan nan, kin ji ko?"

Najiba shekararta tara. A nan ta yi wayo, ana yi mata Hausa tana amsawa da Turanci ko Malay. Da rana tana zuwa darasin addini a ɗan masallacin da ke ƙasan benenmu, wurin wata Ustaza mai haƙuri, kuma ita ce ta ɗaya a aji. Yarinya ce mai tsantseni, irin wadda za ta sake alwala don ba ta tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba.

Da aka yi hutun makaranta, Malam Ƙasimu ya kwashi yaran suka je Sarawak su yi kwanakin ƙarshe da uwarsu, su dawo tare. Suka dawo lafiya, har da tsarabar kek ɗin can mai hawa-hawa. Kowa ya yi wa Hureira barka.

To, ni ina da bokitan fenti goma sha ɗaya a jere a barandar ƙofata, na shuka yakuwa da attaruhu da zogale. Kowace safiya sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Bayan dawowarsu sai na ga an kwashi ƙasa a tukunyar yakuwa. Na ce kyanwa ce. Washegari an ƙara, ramin kuma sumul yake, kyanwa kuwa ba ta aiki da cokali. Da aka yi na uku saiwar ta fito fili, raina ya ɓaci. Bayan la'asar na bar ƙofata a ɗan buɗe na zauna ina jira.

Najiba ce. Ta zo da kofin roba da cokali, ta waiga hagu da dama, ta ɗiba, ta nufi famfon ƙarshen baranda inda masu shara ke cika bokiti. Na bi ta a hankali. Na same ta a tsugune ta dama ƙasar, tana cuɗa ta a hannunta na dama, sannan tana zuba ruwa tana ƙirgawa da Malay a ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Ke Najiba, yakuwata me ta yi miki?"

Ta zabura, kofin ya faɗi. "Sorry lah, Anti. Zan mayar."

"Ba mayarwa na tambaye ki ba. Mu ga hannun."

Ta ɓoye shi a bayanta. Na kamo. Tsakanin babban yatsa da manuni akwai 'yan huji biyu ƙanana, wurin ya yi ja ya ɗan tasa, ƙasa ta cike su.

"Me ya yi miki wannan?"

Sai hawaye. Da Turanci ta ba ni labarin, tana shessheƙa. Ranar da suka je wurin aikin Ummi, an shigar da wata karya tiyata, an ajiye 'ya'yanta a kwando a bayan rumfa, suna ta kuka. Abba yana waya. Ta sa hannu don ta lallashi ɗaya, shi kuwa ya kama ta. Jini kaɗan ne ya fito. Ta zaga bayan rumfar ta sami ƙasa da ruwa ta yi sertu yadda Ustaza ta koya musu, ta ja hannun riga ta rufe.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ummi ta ce ba a maganar kare. Kuma ni na taɓa shi da gangan, Anti. Laifina ne."

"Wankin kuma da kike ta maimaitawa fa?"

"Ban tabbata na ƙirga daidai ba. In bai cika bakwai ba, sallolina duk ba su karɓu ba."

Ita abin da ya hana ta sukuni ke nan, fiye da mako guda. Salla. Ba ta san akwai wani abu bayan wannan ba. Ni ma ba likita ba ce, amma na ji saƙonnin uwarta sun fi a ƙirga, na san me ake yaƙa a Sarawak. Ban saki wuyan hannunta ba har ƙofarsu.

Hureira tana guga. Na ɗaga mata hannun na ce, "Ɗan kwikwiyo, a can." Ta kife dutsen gugar a kan rigar makarantar ta bar shi, ni na zare wayar daga bango. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta durƙusa ta yi wa yarinyar tambaya uku: yaushe, a ina, wanne daga ciki. Sannan ta ja ta famfon kicin, ta sa sabulu, ta saki ruwa, tana wankewa tana wankewa. Na ce, "Maman Najiba, bayan kwanaki haka wankin zai yi wani amfani?"

Ta ce, "Ban sani ba. Kira mana mota."

A asibiti ba su yi wasa ba da suka ji sunan Sarawak. Akwai wata allura da ake yi a cikin ciwon kansa, a zagaye shi. Ni na riƙe ƙafafun yarinyar, uwar ta riƙe kai. Ihun da Najiba ta yi har yanzu yana kunnena. Sannan aka yi ta rigakafin a dantse, aka ce a dawo sau uku a ranakun da suka sa. Likitan ya ce tunda babu wata alama tukuna, allurar tana da kyakkyawar damar riga cutar, in ma akwai cutar. Sai dai an makara, kuma hannu wuri ne mai jijiyoyi da yawa.

Malam Ƙasimu ya iso daga makaranta yana haki. Da ya ga 'yan hujin sai ya sauke numfashi ya ce, "Haba, na ɗauka wani babban abu ne. Ɗan kwikwiyo ne fa, ko haƙoran kirki bai gama ba."

Hureira ta dube shi. "Abban Najiba, a ƙauyen da na yi aiki akwai matar da ta binne ɗanta. Ƙarzanar da ta kashe shi ba ta kai wannan ba. Cutar nan in ta nuna fuskarta, sai dai addu'a."

Ya zauna a kan benci. Ya ce, "Ni ne. Minti nawa na yi a wayar nan?"

Ta ce, "Kai ka kau da kai sau ɗaya. Ni na rufe mata baki da hannuna."

Hanya ɗaya ce ta samun kwanciyar hankali da wuri. Hureira ta ce idan karen da ya yi cizon yana raye lafiya bayan kamar mako biyu, to lokacin da ya ciji mutum babu cutar a yawunsa. Ta san karyar, ita ta ɗinke ta, ta kuma san gidan. Ta kira Dominik, shugaban masu kamun karnuka na can, mutumin da ya koya mata riƙe raga. Bai ja magana ba, ya hau babur ya tafi ƙauyen.

'Yan kwikwiyon huɗu ne. Uku ya samu. Mai gidan ya ce na huɗun ya ɓace kwanakin baya, ko mesa ce, ko ya bi daji, bai sani ba. Dominik ya ɗauki hoton ukun ya turo. Muna zaune a falonsu Hureira ta miƙa wa yarinyar wayar, ta ce, "Duba a hankali, ba sauri. Wanne ne?"

Najiba ta duba na farko, ta duba na biyu, ta daɗe a kan na uku. Ta ce, "Nawa yana da farar ƙafa, Ummi."

Na karɓi wayar na ƙirga da kaina. Ƙafafu goma sha biyu, babu fara ko ɗaya.

Daga ranar zama ya sauya a gidan nan. An yi sauran alluran a kan lokaci, ni na riƙa tuna musu tun daren jajibiri. Amma likita ya ce yawanci cutar tana fitowa ne a cikin wata ɗaya zuwa uku, a wasu 'yan tsiraru takan kai shekara. Hureira ta san alamominta kamar yadda ta san sunan 'ya'yanta, babbar cikinsu kuma ita ce tsoron ruwa: mutum yana jin ƙishi, a kawo kofi, maƙogwaro ya shaƙe ya ƙi. Sai ta koma kallon 'yarta tana shan ruwa. Da safe, da rana, wurin cin abinci, idonta yana kan wuyan yarinyar. Ta rame. Rubutun digirin ya tsaya cak, ta ce ba ta iya buɗe hotunan karnukan.

Abu ɗaya ta yi a cikin kwanakin nan da ban zata ba. Ta sa hijabi ta sauka masallacin ƙasan benenmu lokacin da iyaye mata ke jiran a tashi yara, ta ce wa Ustaza a gaban kowa, "Ni ba shanu nake dubawa ba. Karnuka nake yi wa tiyata." Ta ba su labarin hannun Najiba tun daga kwando har tukunyar yakuwata. Ustaza ta dafe ƙirji, idonta ya cika. A take ta tsayar da yaran ta ce, wanda kare ya ciza ko ya karta, ya ruga famfo da sabulu, ya kira babba ko da shi ya tsokani karen, a tafi asibiti. Sertu yana nan, ba ya gudu, a yi shi daga baya, kuma ba a cusa ƙasa a cikin ciwo. Cikin maƙwabta uku da ke aiko wa Hureira faranti, ɗaya ta daina. Biyu suna nan, ɗayarsu ma har da miyar kaza ta kawo wa yarinyar.

Ana cikin wata na biyu, wata rana da azahar, Hisham ɗana ya shigo da gudu ya ce Maman Najiba na kira. Na tarar an dawo da Najiba daga makaranta, jiki zafi rau, tana kwance a kujera. Hureira na tsaye da kofin ruwa a hannu, ruwan yana zuba a kan yatsunta. Matar da ta ɗinke karnuka sittin da huɗu.

Ta ce, "Na ba ta, ta ture."

Na karɓi kofin. Na zauna a gefen yarinyar na ce, "Ke, tashi ki sha."

Ta kau da kai. "Ba na so, Anti."

"Ban tambaye ki so ba. Yakuwata da kika kusa kashewa ma ban ce ina so ba. Tashi."

"Zafi yake yi in na haɗiya."

Na ji Hureira ta jingina da bango a bayana. Ban waiga ba. Na tallafo kan yarinyar na kai kofin bakinta. Ta dubi ruwan, ba ta firgita ba, ba ta shaƙe ba, ɓata fuska kawai ta yi irin ta yaron da aka ba maɗaci. Ta kurɓa. Na ga maƙogwaron ya motsa. Ta ƙara. Kurɓi biyar ta yi, sannan ta ce, "Ba Milo?"

Hureira ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Can ta miƙe ta kunna fitilar waya ta ce, "Buɗe baki." Maƙogwaron ya yi ja ya kumbura, da 'yan farare-farare a gefe. Duk da haka muka tafi asibiti, ba mu tsaya yi wa kanmu fatawa ba. Suka duba suka ce ciwon maƙogwaro ne da ke yawo a makarantu, yara da yawa sun zo da shi a makon. Kwana kaɗan ta warke.

Yanzu muna cikin wata na biyar. Najiba tana nan garau, ta ƙara tsawo, ta koma ta ɗaya a ajin Ustaza. Wata ukun da aka fi tsoro sun wuce, likita ma ya ce su saki jikinsu. Malam Ƙasimu ya saki. Hureira ta koma kan rubutunta, kuma da aka tambaye ta ko za ta sake raka sababbin ɗalibai Sarawak ta ce za ta je, amma sai shekarar ta cika, kuma ba da yaro ko ɗaya ba. Na tambaye ta ko ta tsani karnuka yanzu. Ta ce, "Wanda ya ɓace ɗin nan ne kawai nake mafarki. Da ma na riga na yi masa allura. Cewa na yi ya yi ƙanƙanta, a bari zagaye na gaba."

Jiya Najiba ta shigo wurina da jakar ƙasa da ta sa Abbanta ya saya, ta cike tukunyar yakuwar da kanta, ta danna da tafin hannu. Na zuba mata zoɓo mai sanyi. Tana tsaye tana sha sai na ga Hureira a bakin ƙofa, ta zo karɓar daddawa, ta manta da abin da ya kawo ta. Idonta na kan wuyan yarinyar, leɓenta na motsi.

Na ce, "Ta shanye, Maman Najiba. Har ƙasan kofi."

Ta ce, "Na gani. Ƙara mata rabi."